Zanen da Ya Fito a Allon Baba

Mijin ƙanwata ya kalli bidiyo uku a waya, shi ke nan ya zama Injiniya. Haka yake kiran kansa, haka mu ma muke kiransa, sai dai shi bai san dariya muke yi ba.

Abin da ya sa wa hannu kuwa tsohuwar kwamfutar Baba ce, irin mai allon nan mai ƙatuwar ƙeya. Baba ya shekara arba'in yana gyaran rediyo da talabijin, a teburinsa na koyi riƙe ƙarfen dalma, da shi nake ci har yau. Yanzu tsufa ya cinye masa sunayenmu kaf. Abu ɗaya ya rage masa: kullum da safe ya zauna gaban kwamfutar ya jera katinsa na wasa, in ya gama sai ya yarda a ba shi abinci. Kwamfutar ta mutu ina wajen tafiya. Da na dawo, kwana uku ke nan bai ci abin kirki ba.

Na tarar da shi a kujerarsa, hannu kan linzamin kwamfutar, yana kallon allo a kashe. Injiniya na tsaye a kansa da sukudireba a aljihun riga, don kada wani ya manta ko shi wane ne.

"Yaya, ai na canja mata kafasita duka," in ji shi, yana nufin 'yan gwangwanayen nan masu tara wuta a cikinta. "Goma sha bakwai, sababbi fil. Allon ne ya mutu. A yar da ita a sayo masa ta zamani."

Ta zamani! Mutumin da ba ya gane 'ya'yansa shi ne zai gane ta zamani?

Na kunna. Ta tashi lafiya lau, amma hoton duk zane ne a tsaye, baƙi da fari, daga sama har ƙasa, tazararsu ɗaya. Baba ya miƙa yatsa yana goge gilashin. Wallahi zuciyata ta karye.

"Allon da ya lalace dushewa yake, ko hoto ya murɗe," na ce. "Ba ya jera zane kamar an auna da rula. Wani layi ne ya yanke a ciki."

"Ni dai a bidiyon..."

"Matsa min."

Na kwance ta a kan teburin cin abinci. Kai, wannan ta'asa! Dalma dunƙule-dunƙule kamar kashin awaki. Na duba ƙafafun kafasitocin ɗaya bayan ɗaya ko ya juya wata baibai. Abin mamaki bai juya ba, na ba shi wannan. Sai na yi abin da Baba ya koya min tun ina 'yar firamare: na kusanta ƙarfen dalma da bodin, wato faifan da aka dasa kafasitocin a kai, na sa hanci. Ƙarnin kifi ya buge ni.

"Ka wanke bodin kafin ka ɗora sababbin?"

"Wanke? Haba Yaya, kayan lantarki ne fa!"

Ƙanwata ta sunkuyar da kai. Tsofaffin kafasitocin sun yi shekaru suna yoyon ruwansu, ruwan yana cin siraran layukan tagulla. Shi kuwa gwanin ya cire, ya ɗora sababbi a kan ƙazantar, ya tafa wa kansa.

Na cire uku daga cikin nasa, na dirje wajen da sifirit da tsohon buroshin haƙori. Na ɗauki mitar gwaji, wadda ke ƙara in layi lafiya yake, ina bin layukan da ke zuwa guntun da ke riƙe hoto. Na farko ya yi ƙara. Na biyu ya yi. Na shida shiru. A ƙarƙashin inda ya zuba dalmarsa layin ya rube ya yi baƙi, wurin bai kai rabin ƙwayar shinkafa ba.

"Ai dama na yi zargin wajen," in ji Injiniya.

Ko kallonsa ban yi ba. Na yanko siririyar waya na haɗa bakin biyu, na bar mata ɗan lanƙwasa a tsakiya don kada zafi ya ja ta ta tsinke. Na mayar da kafasitocin nan uku. Ina ɗagowa na ga Baba ya taso ya tsaya a kafaɗata.

Na kunna. Allo tas, katinsa a jere kore shar. Ƙanwata ta ruga kicin ɗauko abinci.

Amma Baba bai kalli allon ba. Wayar yake kallo, ya kai yatsa kusa da lanƙwasar bai taɓa ba.

"Baiwar Allah, aikinki ya yi kyau," ya ce min. "Ina da 'ya, ita ma wannan aikin take yi. Ni na koya mata." Ya ɗan yi murmushi. "Kada ki ji haushi, amma ta fi ki hannu."

Na ce, "Na yarda, Baba." Na ja masa kujera ya zauna.