Fuskar Barden Tarka

A kan teburin Elhaji Mohamed, tsakanin injin fotokofi da tulin takardu, an shimfiɗa wani zane da Raliya ba ta taɓa gani ba. Barden Tarka ne, jarumin littafin zanen da suke fitarwa duk wata, mai dukan ƙasa da sanda ruwa ya ɓulɓulo. Amma wannan Barden saurayi ne ɗanye, babu tabon wuta a hannunsa, babu 'yarsa a gefensa. A saman takardar an rubuta: Lamba 1.

"Mun kai lamba arba'in da uku, Madam," in ji Elhaji, wanda shagonsa ke buga littafin. "Yaron da ya saya yau a Maraɗi bai san abin da ya ƙona hannun Barde ba. Sai ya ajiye. Mu share komai, mu faro daga tushe."

Raliya ba ta zauna ba. Daga lakwal, makarantar da take koyarwa, ta biyo, da allin aji a yatsunta. Mijinta Abdulhakim ne ya ƙirƙiro Barde, kuma tun rasuwarsa shekara uku da suka wuce ita ke rubuta labarin, ƙanensa Zaharaddini yana zanawa. Ga Zaharaddinin nan a kusurwa, yana feƙe fensirin da ya riga ya yi tsini.

"In an share, sunan wa zai hau bango?" in ji Raliya.

"Wannan ai magana ce ta baya," in ji Elhaji.

"Labarin attajirin da ya kewaye rijiyar makiyaya da waya fa? Zai dawo?"

Elhaji ya yi murmushi. Raliya ta san surukinsa na neman kujerar magajin gari, ta kuma san tun daga Birnin Lalle har Adjekoria mutane na cewa attajirin littafin da surukin yake kama. Ta san wani baƙo daga Yamai, wanda aka ce yana sayen zanuka, ya zo shagon sau biyu, ba a kira ta ba.

"Yaran ajina sun haddace labarin nan," ta ce. "Wata ta raɗa wa akuyarta sunan 'yar Barde. Gobe in ce musu ba a taɓa haihuwarta ba?"

Ta fita. Zaharaddini ya cim mata a gindin bishiyar bedi da ke bakin tasha.

"Yaya Raliya, ba Elhaji ba ne. Ni na roƙe shi."

Ta tsaya tana kallonsa.

"Fuskar Yaya Abdulhakim na ba Barde tun lamba ɗaya, kin sani. Da yana raye abin dariya ne. Yanzu duk wata sai na zana shi sau sittin, yana magana, yana gudu. Ran nan na kasa tuna yadda kunnensa yake, sai da na buɗe tsohon littafi."

Raliya ta dubi fuskarsa. Idonsa ya yi ja, kuma ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba. Amma ta tuna sabon zanen a kan takarda mai santsi yake, irin wadda ba a sayarwa a nan Dakoro.

"Wa ya ba ka takardar?"

"Elhaji."

Suka koma tare. Ta ce ba za a share ko shafi ɗaya ba. A lamba arba'in da huɗu Barde zai tsufa, ya miƙa sandar ga 'yarsa, Zaharaddini ya huta da fuskar. Rijiyar makiyaya kuma tana nan.

Ta shirya wa musu mai tsawo. Elhaji kuwa ya gyaɗa kai nan take.

"Madalla. Hakan ma ya fi."

Saurin amincewar ne ya tsaya mata a rai. Kafin ta tafi ta nemi ainihin zanukan lambobi arba'in da ukun, ta ce gida za ta ajiye su. Elhaji ya jawo akwatin teburinsa, ya duba, ya mayar.

"Ki dawo jibi, Madam. Makullin kabad ɗin da suke ciki yana gida."