Damin Farko na Mancang

Qiao Mancang bai taɓa zama a aji ba, amma akwai harafi ɗaya da ya sani kamar yunwar cikinsa, wato wanda a rubutunsu yake nufin shekara. Mahaifinsa ne ya zana masa shi da tsinke a ƙasa, irin yadda magabata suke rubuta shi: mutum a sunkuye, damin gero a bisansa. Ya ce masa shekara ke nan, ka ɗauko hatsinka ka kai gida. Mancang ya riƙe maganar har ta yi yawa. Tun yana saurayi shi yake sauko da damin farko daga gonar kan tudu, ko ɗan cikinsa ba ya bari ya taɓa.

Bana kuwa ya zame a bakin rijiya tun kafin shuka, ƙugu ya karye. Maƙwabta suka nome masa gonar, gero ya yi kyau, shi ko gogan yana kwance yana cika yana batsewa. Da kaka ta matso sai ya fara ture kwano.

"Shekarar nan ba tawa ba ce," ya ce wa matarsa Gailan. "Ta masu ƙafa ce."

Gailan ta tsorata ƙwarai, don ta sha ganin yadda tsofaffi suke tafiya in sun fid da rai. Ta rasa wanda za ta gaya wa sai Dou Shuanlao, maƙwabcin da suka tsufa suna rigima da mijinta a kan iyakar gona.

Ranar girbi da hantsi Shuanlao ya faɗo ɗakin ba ko gaisuwa, ya tsuguna ya juya baya.

"Hau, Yaya."

"Kai, ni jariri ne?"

"Jariri ai ya fi ka, shi yana ci. Hau, gwiwata ba ta roba ba ce."

Haka ya goya shi har gona yana haki. Masu girbi suka ɗaura wa Mancang ɗan madaidaicin dami a baya, suka bi su da dariya. A gangare, yana goye a bayan Shuanlao, zangarniyar ta riƙa gogar wuyansa, ƙaiƙayi yana cizonsa, nauyin igiya yana zaune masa a kafaɗa daidai inda ya saba zama. Daɗi ya kama shi har hawayensa suka jiƙa wuyan rigar Shuanlao.

A ƙofar gida Mancang ya ce, "Amma ai kai ka ɗauko."

"Ni? Ban taɓa geronka ba. Wani tsohon mai taurin kai na ɗauko, shi ya san abin da ke bayansa."

Mancang ya riƙe hannunsa gam, ya daɗe bai saki ba.

"Na gode, ƙanena. Na gode." Sannan ya share fuska ya ɗaga murya. "Gailan, kawo kunun nan. Kwano biyu, nawa ki cika shi."