Kyandir ɗin Baba Shekari

Shekara tara Judith ta yi a masaƙa a Kakuri, kuma wanda ya taɓa aiki tsakanin injinan saƙa ya san abin da suke yi wa murya. Ko ina kwana za ka ce, sai ka faɗe ta kamar mai kiran wani a ƙetaren kogi. Da aka rage ma'aikata a shekarar da sojoji suka koma bariki, ta dawo gidan uwarta a Kamazou da wannan maƙogwaron, ba ta san inda za ta kai shi ba.

Sai ta ji ana neman muryoyi don wasan kwaikwayo na rediyo. An daɗe ba mai iya taɓa masu mulki ko da wasa, yanzu ga wata tsohuwa mai kunu a cikin wasan, Mama Kulu, za ta wanke kansila tas a kan famfon unguwa. Judith ta ƙwallafa rai sai ita. A gwajin farko tana buɗe baki mai ɗaukar murya ya fizge abin kunnensa yana salati. Aka ba ta mako biyu ta gyara, ko a ba wata.

Ta nufi Unguwar Sanusi wajen Baba Shekari, tsohon ɗan wasan rediyo mai baƙar magana. Da rana tsaka ya kunna kyandir, ya dasa shi dab da bakinta, ya ce ta yi faɗan Mama Kulu kada wutar ta mutu, ya juya mata baya, wai mai sauraro ba shi da ido. Da ya ji ƙaurin lagwani sai ya miƙo ashana ta kafaɗa, ko waiwaye babu. Ranar farko suka cinye kwalin ashana guda, ta koma gida tana jin kamar ta shaƙe shi.

A kwana na biyar wutar ta daina mutuwa, amma faɗan ya mutu. Baba Shekari ya ce wannan tsohuwar ko kaza ba za ta kora ba. Ya tambaye ta wa ta fi tsoro a duniya. Ta ce uwarta Juliana, wadda ba ta taɓa ɗaga murya ba.

"To me kike nema a wurina?" in ji shi. "Koma gida ki ɓata mata rai."

Juliana dama ba ta son zancen rediyon nan, shiririta take kiransa. Judith ta dafa acca ba ta rege yashin ba, da gangan. Uwar ta tauna sau ɗaya, ta ajiye cokali a hankali, ta kurɓi ruwa, ta gyara zama, sannan ta kira sunanta ƙasa-ƙasa. Judith na shan faɗa tana haddacewa: inda ake jan numfashi, inda ake ɗan tsaki, inda ake barin mutum ya dahu da kansa. Kwana uku ana cin yashi a gidan.

Ranar gwaji ta yi wa kansila haka. Mutumin da ke wasan kansilan ya manta layinsa, ya ce mata yi haƙuri, Mama, abin da babu shi a takarda. Aka ba ta Mama Kulu nan take, kuma daɗin da ta ji bai faɗuwa.

An sa wasan ran Lahadi bayan an taso daga coci. Maƙwabta suka cika tsakar gida, Baba Shekari ya zauna ya ba rediyon baya kamar yadda ya saba. Tun a tsakin farko mata suka fara satar kallon Juliana suna danne dariya. Ita kuwa ta kasa kunne har aka gama, tana gyaɗa kai.

"Wannan tsohuwa ta san abin da take yi," ta ce. "Judith, yaushe za a zo wurin naki?"