Sa Hannun Kaka Seipati

Wata shida cur Onalenna ta yi tana koya wa kakarta rubuta sunanta. Kaka Seipati ta haura saba'in, ba ta taɓa zama a aji ba, kuma babu abin da ta tsana irin a miƙo mata takarda a ofis, wata ma'aikaciya ta kama babban yatsanta ta dangwala a tawada ba tare da ta ko dubi fuskarta ba. Kullum da yamma, in an sauke tukunyar tuwon masara, sai su baje tsohuwar kalandar coci a kan tebur, su juya bayanta.

"Kaka, wannan harafin farko ne, ko macijin da mota ta taka?"

"Ja'ira! Ni na yi miki tsarki kina jaririya, yau ni kike wa dariya?"

A hankali dai macijin ya miƙe. Ranar da ta rubuta Seipati Moilwa daga farko har ƙarshe ba a riƙe mata hannu ba, sai da ta zagaya maƙwabta da kalandar a hammata.

Su biyu ne kaɗai a gidan, don uwar Onalenna ta rasu tun tana goye. Yarinyar tana ajin ƙarshe a sakandaren da ke kan tudun ƙauyensu, kuma kowa ya san inda ta dosa. Lissafi iri biyu ake yi a makarantar. Akwai ƙarami, wanda ɗalibai ke kira lissafin kanti, shi kusan kowa ke ɗauka don ba ya kayar da mutum. Akwai kuma babba, wanda in ba ka da shi, ko ƙofar sashen injiniya ba za a bari ka leƙa ba. Su bakwai ne rak a ajin babban lissafi, malaminsu kuma Malam Seleka.

Kai, Malam Seleka! Mutum ne siriri mai yawan dariya, alli har a girarsa. Bai taɓa kiran Onalenna da sunanta ba, sai dai Injiniya. Shi ya ƙirƙiro darasin Asabar, ba ya karɓar ko sisi, wani lokacin ma shi ke saya musu fanke a bakin ƙofa. Onalenna ba ta san ubanta ba, kuma ko da yake ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, in ta kwatanta uba a ranta fuskar Malam take gani.

Wata Asabar a watan Janairu ya ba su gwaji mai tsawo, ya ce zai je wani uzuri ya dawo. Da ta koma gida sai ta tarar da Kaka baki har kunne.

"Malaminki ya zo. A kujerar nan ya zauna, ya sha shayi kofi biyu. Ya kawo takardar lissafinki, ya ce sai mai riƙonki ta amince. Har ya fito da abin dangwale daga jaka, na ce masa, ɗana, mayar da kayanka, miƙo min biro. Ki ga yadda ya zaro ido!"

Onalenna ta yi tsalle ta rungume ta. Ta ɗauka takardar rajistar jarrabawar ƙarshe ce, ba ta ko tambaya ba. In Malam ne ya kawo, tambayar me za a yi?

A watan Afrilu shi da kansa ya zaunar da ita a ofishin malamai, ya buɗe kwamfuta ya cike mata takardar neman gurbi a wata babbar jami'a ta bakin teku, wadda ke zaɓar 'yan kaɗan tun kafin su gama sakandare, da sakamakon ajin da ya wuce. Ta ce masa tana tsoro, irin wannan wurin ba na 'yan ƙauye ba ne. Ya ce, "Injiniya, tsoro na daji, kunya na gida. Danna nan."

Amsa ta zo a watan Yuni, lokacin da ake tsakiyar sanyi a ƙasarsu. An ba ta gurbi. Sharaɗi ɗaya ne: ta ci saba'in cikin ɗari a babban lissafi a jarrabawar Nuwamba. Saba'in? Ita da ba ta taɓa sauka ƙasa da tamanin ba! Kaka ta yanka jan zakaranta, ta zaɓi cinya da ƙundu ta zuba a kwano mai murfi, ta ce a kai wa Malam da zafinsa. Ya ci, ya sa albarka, ya roƙi Onalenna ta ba shi kwafin wasiƙar don ya ajiye na tunawa.

Da aka dawo hutun sanyi, su bakwai suka zauna a aji suna jiran Malam. Shiru. Sai ga shugabar makaranta, Madam Motsumi, ta shigo da 'yan takardu a hannu, na duba suna da darussan da kowa zai rubuta a Nuwamba. Onalenna ta bi jerin nata da yatsa. Ta karanta layi na huɗu sau uku. Ƙaramin lissafi aka rubuta.

Ta bi shugabar har ofis ba ta jira an ce ta shigo ba.

"Madam, an yi kuskure a takardata."

"Ba kuskure ba ne, 'yata. Zauna."

Ba ta zauna ba. Bayan kujerar Madam akwai kofuna uku na azurfa da hukumar ilimi ta gunduma ta bai wa makarantar, shekara uku a jere ba ɗalibi ko ɗaya da ya faɗi. Ƙyallen da ke shelar hakan yana rataye a bakin ƙofar makaranta, duk mai wucewa a tasi yana gani.

Madam ta yi magana a natse, kamar mai karanta sanarwa a coci. Malam Seleka ya samu aiki a wata makarantar kuɗi a birnin Rustenburg. Tun Janairu ya sanar da ita zai tafi tsakiyar shekara. Ba a turo wani ba, ba kuma za a turo ba. "Ku bakwai, ko da malami ma uku nake da tabbacin za su haye. To balle babu malami? Ba zan bari mutum huɗu su zubar min da sunan makaranta ba. Duk na mayar da ku ƙarami. Ke wata ɗaya ya ishe ki ki haddace shi, ki kawo mana casa'in."

"Jami'a ba ta karɓar ƙarami, Madam. Kin sani."

"Jami'a ɗaya ce a ƙasar nan?"

"Ba ku da ikon canza min ba tare da..."

Madam ta jawo aljihun tebur, ta zaro takarda ta shimfiɗa a gabanta. Turanci ne tun daga sama har ƙasa. A can ƙasa kuwa ga shi nan, harafi bayan harafi, an danna biro har ya kusa huda takardar: Seipati Moilwa. Onalenna ta san kowane lanƙwasa na rubutun nan, ita ta koyar da shi.

Washegari ba ta je makaranta ba. Ta hau tasi zuwa Rustenburg, tafiyar awa biyu, hannunta a dunƙule cikin aljihun rigar sanyi. Har a cikin motar tana nema masa uzuri. Wataƙila Madam ce ta yaudare shi. Wataƙila shi ma bai karanta ba. Ka ji fa, malamin lissafi bai karanta takarda ba! Amma zuciya in tana son mutum, babu shirmen da ba za ta yarda da shi ba.

Mai gadin sabuwar makarantar Malam ya ce ta jira a bakin ƙofa sai an fito tara. A jikin bangon akwai allon sanarwa mai gilashi, ta tsaya tana dubawa don ta kashe lokaci. Sai ga hoton Malam, da sabuwar kwat, yana dariyar nan tasa. A ƙasa an rubuta maraba da sabon malamin lissafi, gwanin da ya ɗauko yarinya daga makarantar ƙauye ya samar mata gurbin injiniya tun kafin ta gama. Kusa da hoton an manna kwafin wasiƙarta, an shafe sunan da baƙin alƙalami.

Ashe wannan ce ajiyar tunawar.

Da ya fito ya hango ta, sai da ya ja baya taku ɗaya kafin ya tattaro murmushi.

"A'a, Injiniya! Ke ce da..."

"Onalenna sunana, Malam."

Ya ja ta gefe, ƙarƙashin wata bishiya, yana waige-waige. Ya ce ta fahimce shi. Madam ta rantse ba za ta ba shi takardar shaida mai kyau ba sai ya bi gida bakwai ya kawo mata sa hannun iyaye, don shi iyayen suka yarda da shi. Yana da 'ya'ya uku. Shekara goma sha ɗaya yana koyarwa a ajin da rufinsa ke yoyo. Ya ɗauka kafin lokacin za a turo wani malami a gyara komai.

"To na ji. Amma a Afrilu fa? Ka san an riga an canza min, ka zaunar da ni ka ce in danna."

"Ina so ki ga da idonki cewa kin isa."

"Ni kake so in gani, ko su?" Ta nuna allon da haɓa.

Bai waiga ba, don ya san abin da ke wurin.

"Me ka ce wa Kaka takardar ta ƙunsa?"

"Na ce takardar lissafinki ce. Ban yi mata ƙarya ba."

"Ka sha shayinta kofi biyu, Malam. Ka ci zakaranta."

Ya sa hannu a aljihu ya ce bari ya ba ta na mota. Da mari ya ɗauke ta da shi da ya fi mata sauƙi. Ta juya ta tafi, kuma sai da ta kai tasha kukan ya ƙwace mata, a gaban masu sayar da lemo, ba ta damu da wanda ke kallo ba.

Kwana biyu tana juya yadda za ta gaya wa Kaka. Ta so ta ce jami'ar ce ta fasa, ta so ta ce ita ce ta canza ra'ayi. Amma uwar ɗaya daga cikin 'yan ajinsu ta ce za a iya kai ƙara ofishin ilimi na gunduma, in mai riƙo ta je da kanta ta shaida cewa ba ta san abin da ta sa wa hannu ba. Babu makawa ke nan. Ta same ta a bayan gida tana tsinke ganyen miya, ta durƙusa ta faɗa mata komai.

Kaka ba ta yi ihu ba, ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon hannunta na dama.

"Da dangwale ne," in ji ta, "da na ce ya jira ki dawo ki karanta min. Kullum haka nake yi. Amma ranar ina ɗokin ya ga na iya."

"Kaka, ba laifinki ba ne."

"Na ce masa ɗana."

Ranar Litinin suka sa kayan coci suka tafi garin Zeerust, inda ofishin yake. Sun yi awa uku a kan benci kafin a kira su. Jami'in mutumin kirki ne, ya ba Kaka kujera, ya saurare ta har ta gama bai katse ta ba. Ya duba kwamfuta, ya buga waya, ya sake dubawa. Sannan ya cire tabarau ya ce gaskiya ɗaya ce, an rufe canjin darasi tun watannin baya, sunayen sun riga sun wuce sama, ko shi ba shi da ikon taɓawa. Yarinya za ta iya rubuta babban lissafi daga baya, da kanta, in ta samu mai koya mata.

"Gurbin fa, ranka ya daɗe?" Onalenna ta tambaya. "Za su ajiye min?"

"Na bana ne, 'yata. Akwai ɗaruruwa a layi suna jiran wani ya saki."

Ya ce amma ƙarar tana da muhimmanci, za a bincika, don kada a sake yi wa wasu. Ya rubuta bayanin Kaka tsaf, ya karanta mata da yarensu na Setswana tun daga farko har ƙarshe, ya juyo takardar gabanta. Ya cire murfin bironsa ya miƙa mata da hannu biyu.

"Mama, an ce kin iya rubuta sunanki. Sa min a nan."

Kaka ta dubi biron. Onalenna ta ga yatsunta sun motsa, sun shirya kamawa yadda ta koya musu a bayan kalanda. Sai tsohuwar ta sa bayan hannu ta ture shi a hankali zuwa gefen tebur.

"Wanda ya gaya maka ya yi ƙarya," in ji ta. "Kawo tawada."

"Kaka..."

"Yi min shiru, ke."

Jami'in ya buɗe aljihun tebur ya lalubo ɗan gwangwanin dangwale. Ya bushe, sai da ya ɗiga masa ruwa. Kaka ta miƙa babban yatsanta, ta kawar da kai wajen taga, ta jira a kama.