Tsakanin Ɗorawa da Kore

Mahadi ya ɗiga maganin a cikin 'yar kwalbar, ya rufe, ya girgiza, sannan ya kara ta da katin launuka. Layukan katin sun fara daga ruwan ɗorawa, wato ruwa lafiya lau, suka gangara zuwa kore, wato gubar kashin kifi ta taru, a sauya ruwa kafin a fara kwasar gawa. Haka aka rubuta a gefe. Shi dai a idonsa layukan farko duk abu ɗaya ne.

Haka aka haife shi, ba ya raba ɗorawa da kore mai haske. Duk garin Tsiga ba wanda ya sani sai matarsa Najiba, ita kuwa tun makon jiya tana gidan iyayenta a Funtuwa.

A bayansa tarwaɗa sun yi lamo a ƙasan kwamin siminti, abincin da ya watsa musu da safe yana yawo a saman ruwa. An kwana ana ruwan sama, wataƙila sanyi ne ya hana su ci. Wataƙila kuma guba ce. Saura kaɗan su isa kasuwa.

A kan wannan kwalin gwajin suka ɓata, shi da Najiba. Daga Kaduna ya sa aka kawo masa, don an buga a jikinsa da manyan baƙaƙe cewa yana faɗin daidai kashi casa'in da tara cikin ɗari. Ranar farko Najiba ta duba ta ce launin yana tsakani. Ya ce abin da ya kai casa'in da tara ba ya da tsakani, idonta ne dai ba ya tsayawa wuri ɗaya. A gaban masu sarin kifi ya faɗa, har suka yi dariya. Ta ajiye masa kwalbar ta ce to ya duba da nasa idon, ta tafi gidansu.

Yanzu dai ya ɗauki hoton kwalbar da waya ya tura mata. Ta buɗe nan take, amma sai da ta ja lokaci kafin amsa ta zo: "Waya tana canza kala."

Ya tsaya yana kallon saƙon. Sannan ya cika gorar roba da ruwan kwamin, ya saka kwalin a aljihu, ya tayar da babur.

Hanya duk taɓo. Ya wuce gonakin masara, ya shiga gari ta wajen masana'antar gurzar auduga, ya kutsa tsakanin 'yan Keke har ƙofar gidan surukansa. Ya yi sallama, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure.

Najiba ta fito da mayafi, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Malam, sannu da hanya. Ya kifi?"

"Sun ƙi cin abinci."

"Allah sarki. Casa'in da taran bai faɗa maka dalili ba?"

Ya fito da gorar da kwalin ya ajiye a gabanta. Ta dube su, ta dube shi, sai ta zauna a gefen tabarma. Ta ɗauraye kwalbar da ruwan gorar, ta auna, ta ɗiga maganin, ta girgiza. Hannunta ya san aikin. Shi kuwa hannun yake kallo, lallen da ya bari ja yanzu ya fara koɗewa.

"Kai a ina ka duba naka?"

"Ƙarƙashin rumfa."

"Rumfar shuɗiyar leda? To ai ko mai ido huɗu ne sai ya ɓata." Ta juya kwalin ta nuna masa wasu ƙananan baƙaƙe a ƙasa. "Manyan ka karanta, ka bar ƙananan. Casa'in da taran nan a ɗakin gwajinsu suka same shi, da na'ura. Nan kuma sun ce a duba a hasken rana, kuma yana iya kuskure da layi ɗaya, sama ko ƙasa. Tsakanin da na gaya maka ke nan."

"Na ji," in ji shi. "Ban kyauta ba."

Kamar ba ta ji ba, ta tashi ta je bakin zaure inda rana ke faɗowa, ta ɗaga kwalbar kusa da katin. Ta daɗe tana dubawa, fiye da yadda ta saba.

"Ya ja kore," ta ce, ba tare da ta waiwayo ba. "Sai an rage ruwan an zuba sabo. Kuma sai an riƙa gwadawa safe da yamma har ya daidaita."

"Safe da yamma," ya maimaita. "Funtuwa da nisa."

"Da nisa kam."

A daidai nan mahaifiyarta, Inna Hajo, ta dawo daga barkar suna. Mahadi ya sauka daga tabarma ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa tana kawar da kai, sai idonta ya faɗa kan kwalbar da ke hannun 'yarta.

"Wannan kuma fa? Sai ka ce an jiƙa garin ɗorawa."

"Inna, kore ne."

"Kore? Ke Najiba, da idon nan nake zura zare a allura. Ɗorawa ce tsagwaronta." Ta gyara lulluɓinta ta shige ciki, tana mitar yaran yanzu da kallon waya ya cinye musu ido.

Daga titi ana jiyo mai rake yana kiran ciniki. Najiba ta sunkuyar da kai tana murza murfin kwalbar.

Mahadi ya ɗauki kwalin, ya kai shi kusa da fuskarsa, ya bi ƙananan baƙaƙen da yatsa a hankali har ƙarshe.

"Sun ce yana iya kuskure da layi ɗaya," ya ce. "Gara mu bi koren."

Ta miƙa masa kwalbar ba ta dube shi ba. "Bari in ɗauko jakata."

Da ta shiga, ya fita ƙofar gida, ya tsiyaye kwalbar a kwata, ya ɗauraye ta tas. Sannan ya tambayi mai raken wane gidan mai ne babu layi, don injin jan ruwan kwamin ba ya da ko ɗigon fetur.