Gemun Otso

Raili ba ta gama tsoma burodin kirfa a kofinta ba, Marjatta mai rumfar kifi ta jawo kujera ta zauna, ko gaisuwa babu.

"Ɗanki ya aske gemu."

"Ke dai kin tsufa da ƙarya."

"Da idona na gan shi a gidan mai. Kumatu sumul kamar ƙwai, ya naɗe wuya da mayafi har haɓa. Kuma ga baƙuwar mota a ƙofar gidansa tun safe."

Kofin nan bai shawu ba. Kowa a garin ya sani, in aka shiga wasannin cin kofi na hoki, wasan sanda a kan ƙanƙara, ɗan wasa ba ya taɓa reza sai an fitar da ƙungiyarsu. Yau ne wasan ƙarshe. Ɗanta Otso shekararsa talatin da shida, sha bakwai daga ciki a rigar ƙungiyar garin nan, bai taɓa ɗaga kofi ba.

"Cewa ake ya sa hannu da ƙungiyar tsallaken tafki," in ji Marjatta, tana lasar cokali. "Ni dai ban ce ba."

Raili ta hau bas, hancinta na ƙaiƙayi. Ita ce fa ta gano cikin matar fasto tun kafin fasto ya sani, amma yau a bakin mai rumfar kifi take jin labarin ɗan da ta haifa.

Da ta isa gidan Otso ba ta ƙwanƙwasa ba, tana da makulli. Ga takalman baƙo a bakin ƙofa, masu tsada. Ta cire nata, ta lallaɓa da safa ta kasa kunne.

"Kada kowa ya ji," muryar wani ta ce. "Ko 'yan ƙungiyarku."

Ta banko ƙofar kicin. "Nawa suka saye ka, ɗan banza? Ubanka shekara talatin yana share ƙanƙarar filin nan!"

Otso na zaune, kai a ɗage. Baƙon, likita ne sanye da safar roba, yana liƙa masa auduga ƙarƙashin muƙamuƙi. Ɗinki takwas, baƙi wuluk.

"Mama," ya ce ta tsakanin haƙora, "rufe ƙofa."

Sandar hoki ce ta same shi shekaranjiya, ƙashin ya tsage. Dole aka aske don a ɗinke. A filin wasa, abin kare wuya zai rufe wurin.

"In abokan karawa suka ji, nan za su nufa da gwiwar hannu tun minti na farko," in ji likita. "Bugu ɗaya, ya gama wasa har abada. Na ce ya haƙura, ya ƙi."

"Gari na cewa ka ci amana."

"Su ce." Ya dube ta da idon da yake mata tun yana yaro. "Ke ce damuwata, Mama. Bakinki."

Ta so ta mare shi, sai dai babu wurin mari. Ta buɗe firij, ta kwashe tsiran naman da ba zai iya taunawa ba, ta ɗora masa miyar wake, ta dama ta har ta zama ruwa.

Marjatta na nan inda ta bar ta, har ta tara mata uku.

"To?"

Raili ta zauna a hankali, ta duba hagu da dama. Gaskiyar na nan a kan harshenta, da zafi kamar dankalin da aka ciro daga wuta.

"Mace ce," ta raɗa. "Wata mai jan gashi. Ta ce gemu na sukar ta. Kada ki gaya wa kowa."

"Ni? Haba, Raili!"

Kafin la'asar an samo masu jan gashi huɗu, har da matar fasto. Raili ta shiga filin wasa, mutane na nuna ta suna dariya. Ta zauna a kujerar marigayi mijinta, ta ƙura wa wuyan ɗanta ido, bakinta a rufe gam.