Fitilar Bayan Tirela

"Malam Attahiru, ta kama?" Lauwali direba ya tambaye ni daga ƙarƙashin tirela.

"Ba ta kama ba," na ce.

Ni aka tsayar a bayan mota in zuba wa fitila ido. Maƙwabcina Maccido kuwa yana kwance kan tabarma a gefen hanya, ƙafarsa ta kumbura har gwiwa. Kububuwa ce ta sare shi da la'asar yana ban ruwan albasa a fadama. Mun ba shi saiwa, mai magani ya tsaga ya ɗaure, amma jini sai tsattsafowa yake daga dasashinsa. Kowa ya ce sai asibitin Sakkwato. A duk Wurno ranar mota ɗaya ce, a-kori-kurar wani Bature mai awon ƙasa, ta taso daga Goronyo tana jan tirela cike da garwannin fetur da tantinsa. Baturen ya riga ya yi gaba a wata mota.

Lauwali bai ƙi ɗaukarmu ba. Cewa ya yi rana ta kusa faɗuwa, fitilar tirela ta mutu a hanya, kuma maigidansa ya rantse duk ranar da 'yan sanda suka sake tsare motarsa kan fitila, a bakin aikin direba.

"To kwance tirelar, mu tsare maka ita," na ce.

"In bar man Bature cikin gari? Gidan yari kaka son in kwana?"

"Ni shiga baya in riƙe hitilar ƙwai."

"Bisa garwannin mai? Haba Malam."

Ya ciro ƙwan fitilar ya ɗaga shi sama, ya ce lafiyarsa lau. Ya buɗe gaban mota ya duba fis ɗin wuta, shi ma lafiya. Ya bi waya da yatsa tun daga mahaɗar mota da tirela, yana lallaɓa ta kamar mai cire ƙaya. A raina na ce, ga ƙarfe ya samu likita.

Sabuwa, matar Maccido, tana durƙushe tana goge masa baki da gefen zanenta. Ba ta taɓa yi wa baƙon namiji magana ba, amma ranar ta ɗago kai.

"Direba, don girman Allah. Mi hitila za ta yi muna? Ga wata nan ya hito."

Lauwali ya ci gaba da bin wayarsa. Zufa ta jiƙa masa riga. Na san tsoro ne ya kama shi, kuma har yau sanin bai rage min haushinsa ba.

Maccido ya kira ni da hannu, na sunkuya. Shekara da shekaru katanga ɗaya ta raba mu, kullum cikin faɗa muke kan awakinsa da ke cin dankalina.

"Attahiru, ban gama ban ruwan kwarin gabas ba. Kak ka bari albasar ta ƙone."

"Kai za ka gama abinka," na ce, na koma wurin tsayuwata don Lauwali na kira.

Ana kiran magariba ya gano abin. Wata 'yar waya ce da aka ɗaure da ƙusa a jikin ƙarfen tirela, tsatsa ta cinye wurin. Ya karɓi wuƙata ya kankare, ya tofa yawu ya goge, ya ɗaure tam.

Fitila ta kawo, ja wur.

"Ta kama?"

Na waiwaya in ce a ɗauko Maccido, sai na ga Sabuwa ta riga ta ja mayafi ta rufe masa fuska. Ba ta yi kuka ba, tana dai gyara masa bakin mayafin.

"Malam, ta kama?"

"Ta kama," na ce.

Ya fito yana kakkaɓe wando da murmushi, sannan ya gani. Ya yi salati, ya ce Bature na jiransa.

Mu huɗu cikin maƙwabta muka kama kusurwoyin tabarma. Jan hasken ya sauka kan tafin ƙafar Maccido, da laka ta fadama da ba ta gama bushewa ba, sannan motar ta ja.